Jan Fenti a Bangon Zaure: Yadda Hanya Ta Ci Gaban Gidanmu a Zariya

Ranar wata Talata da hantsi wata farar mota ta tsaya a bakin layinmu, samari uku suka sauko. Ɗaya na riƙe da tef ɗin awo, ɗaya da gwangwanin jan fenti, na ukun da wani dogon littafi irin rajistar makaranta. Ba su yi wa kowa sallama ba. Suka ja tef daga tsakiyar titi har jikin zauren gidanmu, suka leƙa ta kan katanga, sannan mai fentin ya zana ƙatuwar alama a bango, ya rubuta 6.5 a ƙarƙashinta, wato mita shida da rabi, ya ja kibiya tana nuna cikin gida. Telan da ke haya a shagon farko ya fito da almakashi a hannu yana tambayar ko lafiya. Suka ce aikin hanya ne, daga sama aka turo su. Kafin a kira azahar duk gidajen da ke ɓangarenmu na titin sun sha fenti.

Daga wannan rana zuwa ranar da kuɗi suka shigo, wata goma sha huɗu muka yi muna zirga-zirga. Ni aka ɗora wa riƙon fayil, saboda ni ne malamin makaranta a gidan, kuma mutanenmu sun ɗauka duk mai riƙe alli ya san doka. Ban santa ba. A hanya na koya.

Gidan na kakanmu ne, a wajen ganuwa, ta ɓangaren da birni ke miƙa hannu ga Tudun Wada. Tun zamanin En'e ya gina shi. Zauren na ƙasa ne, rufin azara, da baka biyu da suka haɗu a tsakiya, an shafe wajensa da makuba. A gefen zauren akwai shaguna uku na bulo da Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya gina da kuɗinsa bayan ya yi ritaya, daga baya kuma ya ƙara musu rumfar kwano a gaba. Bayan shagunan akwai rijiya da mangwaro biyu. Kaka ya rasu ba a raba gado ba, mahaifinmu ya bi shi bayan shekaru, gida ya zauna a haka tsakanin Baffa da Gwaggo da mu. Takardar gidan kuwa guda ɗaya ce: wata 'yar warƙa ta ajami mai sunayen shaidu da hatimin hakimi, wadda Gwaggo ke ɓoye da ita a ƙasan adakarta cikin tsohon kallabi.

Wa ke da ikon karɓa

Da daren Alhamis na kawo wani abokina lauya, wanda ya yi karatunsa a Kongo. Aka shimfiɗa tabarma a zauren, alamar fentin na bayan bangon da Baffa ya jingina.

Baffa bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Barista, abu ɗaya nake so ka gaya mini. Ciyaman yana da ikon rushe mini gidan ubana?"

"Baba, a nan cikin gari ba shi da shi. Amma akwai wanda ke da shi."

Bayanin da ya yi mana shi ne tushen komai. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Sashe na 1 ya danƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Abin da kowa ke da shi tun daga lokacin haƙƙin riƙo ne da amfani, ba mallakar ƙasar kanta ba. Mu 'yan Arewa ma abin bai zo mana baƙo ba, don Turawa sun shimfiɗa irin wannan tsari tun 1910, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sabunta shi a 1962. Dokar ta raba aiki biyu: filayen da aka ayyana a matsayin cikin gari gwamna ke kula da su, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Zariya gari ce. Saboda haka ko ƙaramar hukumar Zariya ko ta Sabon Gari ce ke son fili a cikin gari don kasuwa ko asibiti, ba za ta karɓa da kanta ba, sai ta bi ta hannun gwamna, shi ya soke haƙƙin mai riƙe da filin a ƙarƙashin sashe na 28. Ikon da sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma na shiga fili don amfanin jama'a bai shafi cikin gari ba.

Baffa ya ce to ai zalunci ne ko daga wa ya fito. Limamin unguwa, wanda ya shigo yi mana jaje ya zauna, shi ya tare shi. Ya tuna masa cewa Sayyidina Umar da ya tashi faɗaɗa Masallacin Harami ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa aka rushe nasu aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa, kuma malaman Malikiyya sun halatta a tilasta sayarwa don faɗaɗa masallaci ko hanya. "Alhaji, karɓar ba ita ce zalunci ba. A karɓa ba a biya ba, ko a karɓa don wani, nan ne zaluncin yake." Barista ya yi dariya ya ce Malam ya gama masa aiki, don kusan abin da sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya faɗa ke nan: ba a karɓar dukiyar mutum da ƙarfi sai bisa wata doka da ta tanadi biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ta kuma ba shi damar zuwa kotu a tantance haƙƙinsa da adadin abin da za a ba shi.

Tsoron da ya fi damun Gwaggo shi ne rashin satifiket ɗin riƙon fili, wato si-of-o. An riga an baza magana a unguwa cewa wanda ba shi da si-of-o ko sisi ba zai gani ba. Wannan magana ba ta da tushe, amma ta yi wa mutane ɓarna, don na san waɗanda suka sallama tun ba a tambaye su ba. Sashe na 34 ya ce filin cikin gari da aka riga aka gina kafin dokar ta fara aiki, mai shi zai ci gaba da riƙe shi tamkar gwamna ne ya ba shi. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa wannan riƙo ba ya ƙasa da na mai satifiket. Aikinmu kawai mu nuna gidan ya girmi 1978 kuma namu ne. Warƙar ajamin ta fito daga kallabi, muka kai aka juya ta zuwa boko, mai unguwa da dattawa biyu suka yi takardar rantsuwa, muka haɗa da tsofaffin rasit na wuta masu sunan Kaka. Wanda ke da hali ya je KADGIS, hukumar da ke yi wa filaye takarda a Jihar Kaduna, ya yi wa gidansa takarda tun ana zaman lafiya ya huta da wannan wahala, amma rashinta ba ya kashe haƙƙi.

Fenti ba takarda ba ne

Sati biyu bayan fentin, mai unguwa ya tara mu ya ce an kira su taro, an ba da kwana ashirin da ɗaya kowa ya kwashe kayansa. Barista ya tambaye shi cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, an ba ka takarda da sunan wani a cikinmu?" Ya ce a'a, da baki aka faɗa, amma an ce an sanar a rediyo.

A nan ne na fara gane inda ƙarfin talaka yake a wannan doka, kuma a ganina ba shi da wani wurin da ya fi nan. Sashe na 28 bai tsaya ga cewa gwamna na iya sokewa ba. Ya ce sai wani jami'i da gwamna ya ba izini ya sa hannu a takardar sokewar, sai kuma an ba mai riƙe da filin sanarwa. Haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai ranar da takardar ta shiga hannunsa, ko wata rana ta gaba da aka rubuta a cikinta. Sashe na 44 na dokar filin ya ma zayyana yadda ake miƙa ta: a ba shi hannu da hannu, ko a bar ta a gidan da aka san yana zaune, ko a aika da wasiƙa mai rajista. Liƙawa a bango sai an yi bincike an kasa gano sunan mai wurin ko inda yake. Gidan da Baffa ke zaune a ƙofarsa kullum daga asuba zuwa isha'i ba ya cikin wannan.

Fenti dai awo ne na ma'aikata. Sanarwar rediyo labari ce. Ko bugawa a gazet ɗin gwamnati ba ta wadatar ba: a shari'ar Goldmark da Ibafon ta 2012, kan wani fili a Legas da aka karɓa da sunan hukumar tashoshin jiragen ruwa, Kotun Ƙoli ta ce rashin miƙa wa masu filin sanarwa ya rushe karɓar gaba ɗaya. Ma'ana, katafilar da ta taɓa bango kafin takarda ta iso, kutse ta yi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan na hana hanya wucewa. Ba ya hanawa. Gwamnati na iya gyara kuskurenta da takarda ɗaya cikin sati guda. Abin da yake yi shi ne ya tilasta a san da kai: a rubuta sunanka, a faɗi dalili, a kafa ranar da za a yi lissafin diyya a kanta. Wanda aka rushe wa gida ba takarda, daga baya shi zai yi ta yawo yana neman ya tabbatar cewa ɗaki huɗu ne ba biyu ba, alhali ƙasar ma an kwashe an cike rami da ita.

Mu gida tara muka haɗa kuɗi, Barista ya rubuta wasiƙa guda zuwa ofishin da ke aikin, da kwafi ga ofishin filaye da ma'aikatar shari'a. Ba zagi, ba barazana. Ya ce ba mu ƙi aikin hanya ba, muna neman takardar sokewa da sunan kowane mai gida, da dalilin karɓar, da ranar da za a zo kimantawa muna nan. Na kai da kaina, na tsaya sai da aka buga mini hatimin karɓa a kwafina. Magatakardan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai ne za ka koya wa gwamnati aiki?" Na ce a'a, ɗan aike ne ni. Kwana ashirin da ɗayan suka cika suka wuce, ba mu ga katafila ba. A wata na uku takardu suka iso.

Mita ɗaya da rabi

Kafin takardun su zo wata magana ta taso. Wani ɗan unguwa da ke aikin kwalbati tare da 'yan kwangilar ya ce shi a zanen da ya gani, titi da lambatu da hanyar masu ƙafa ba su kai inda aka yi mana fenti ba. Raɗe-raɗi ya ce ragowar za a yanka ta shaguna a raba. Ba mu taɓa ganin wata takarda da ta tabbatar da haka ba, don haka ban ɗora wa kowa ba. Amma tambayar halal ce, domin sharaɗi na biyu ke nan: karɓar ta zama don amfanin jama'a, kuma a faɗi wane amfani.

Kotuna sun daɗe suna tsaye a kan wannan. Tun 1974, a shari'ar Ereku da Gwamnan Soja na Jihar Tsakiyar Yamma, Kotun Ƙoli ta soke karɓar wani fili a Warri da aka yi da sunan jama'a aka kuma ba wani kamfani mai zaman kansa haya. A 1991, a shari'ar Osho, ta sake cewa ba a ƙwace wa wani a miƙa wa wani a kira shi amfanin jama'a. Sai dai Barista bai ruɗe mu ba. Ya ce ma'anar da dokar ta ba amfanin jama'a faffaɗa ce ƙwarai: ta haɗa da tsara gari, da bunƙasa tattalin arziki da masana'antu, har da riƙe filin da ke maƙwabtaka da sabuwar hanya. A 1997 ma, a shari'ar Lawson da Ajibulu, kotun ta amince da karɓar da aka yi aka ba kamfani ya gina rukunin gidaje. Wato in aka je kotu kan wannan ragowar fili, ana iya ci, ana iya faɗuwa.

Ba a kai ga haka ba. Da takardun suka zo, dalilin da aka rubuta faɗaɗa hanya da gina magudanar ruwa ne kawai, safiyo ya dawo ya sake awo, lambar ta sauka daga 6.5 zuwa 5. Ba wanda ya ba mu bayani, mu ma ba mu nema ba. Wannan ragin shi ya tsirar da ɗakin Gwaggo da mangwaro ɗaya.

Ana biyan gini, ba a biyan ƙasa

Ranar kimantawa ita ce ranar da Baffa ya fi shan ɗaci. Jami'in ya shiga zauren, ya ɗaga kai ya dubi bakan, ya auna tsawo da faɗi, ya rubuta a littafinsa: ginin ƙasa, tsoho. Minti huɗu. A wannan zaure Kaka ya karantar da almajirai, a nan aka ɗaura auren kowace 'ya ta gidan, a nan aka sallaci mahaifinmu. Ba layin da za a rubuta wannan a fom ɗin.

Sashe na 29 ne ke mulkin diyya, kuma duk wanda hanya ta doso ya kamata ya san shi kamar sunansa. Tunda ƙasa a hannun gwamna take, ba a biyan kuɗinta. Abin da ake biya shi ne abin da ka ɗora a kanta wanda bai ƙare ba, bisa darajarsa a ranar sokewa. Gini ana lissafa abin da za a kashe a sake irinsa, sannan a cire ragin tsufa. Amfanin gona da itatuwa bisa farashin da jami'in filaye ya ƙayyade. Ita kuwa ƙasar, abin da ake mayar maka shi ne kuɗin hayar fili da ka biya gwamnati a wannan shekarar, in ka biya. Fili a bakin titi a Zariya, wanda dillalai za su yi rububinsa, a wannan lissafi daidai yake da fili a bayan dutse.

Maƙwabcinmu na kudu, direban tanka, shi abin ya fi dokewa. Ya tara kuɗin shekaru ya sayi fili a jere da mu, ya kewaye da bulo layi uku, yana jiran ya yi ritaya ya gina. Hanya ta ci fiye da rabinsa. Abin da aka rubuta masa kuɗin bulo layi uku. Wasu da suka ji haka suka kwana suna zuba harsashi da dasa ayaba, ba su san an ɗauki hoton layin gaba ɗaya tun ranar fenti ba. A ra'ayina wannan ne babban gurgun dokar 1978. Bahaushe a fili yake ajiya, ba a banki ba, dokar kuma ta ce ajiyar nan ba ta da farashi ranar da gwamnati ta buƙace ta.

Mu abin da muka iya shi ne muka ɗauko mai kimanta kadara mai rajista, ya yi nasa lissafin, bisa yarjejeniyar zai ɗauki kaso daga abin da ya ƙaru. Ya bi gidan taku-taku. Ya gano ba a sa rijiya ba, ba a sa katangar da ta haɗa zaure da shaguna ba, ba a sa daɓen siminti da wayar wuta ba, mangwaron da ya shekara talatin yana 'ya'ya kuma an rubuta shi a sahun dashe. Kan zauren ya kawo hujjar da ta burge ni. Ya ce doka kuɗin sake gini ta ce, to a je a tambayi magina nawa za a kashe yau a yi baka irin wannan da azara da tubali, a garin da Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19 amma yanzu masu wannan hannu sai an tona. An karɓi maganar rijiya da katanga da mangwaro. Ta zauren an ɗan taɓa, ba a kai ko kusa ba.

Rumfar gaban shaguna kuwa ba mu samu komai a kanta ba, kuma gaskiya ba mu da bakin magana. Baffa ya kafa ta ne a kan filin titi, ba izinin gini. Akwai bambanci tsakanin gwamnati ta karɓi naka da gwamnati ta kore ka daga nata. Na farko ne ke da diyya. Shi ya sa ma'aikata kan so su jefa kowa a kwando na biyu, mai gida kuma ya dage a raba masa: daga nan zuwa nan na shiga titi, daga nan kuwa gidan ubana ne.

Telan da mai kemis da mai cajin waya, 'yan hayarmu, sun tashi hannu rabbana. Dokar ta ambaci wanda ke zaune a wuri tare da mai riƙe da shi, amma kan abin da shi ya gina. Mai kemis ya sa tayil da silin da kuɗinsa, muka sa aka rubuta da sunansa. Asarar ciniki da kwastomomin shekara goma ba ta cikin lissafi. Wata bazawara a ƙarshen layi, wadda gidanta duka ya tafi, an yi mata tayin matsuguni a bayan gari. Sashe na 33 ya yarda da haka maimakon kuɗi, amma wanda ya karɓa ya rufe ƙofar diyya, in kuma sabon wurin ya fi tsohon daraja ana iya mayar da rarar bashi a kansa. Barista ya ce mata ta je ta ga wurin da idonta, ta ga takardarsa, kafin ta dangwala. Ta je ta dawo ta ce kuɗi take so.

Maganar kotu

Samarin gidan sun so a kai ƙara kan zauren. Hanyar da dokar ta shimfiɗa ita ce sashe na 30: saɓani kan adadin diyya a kai wa kwamitin rabon filaye na jiha, wanda gwamnan da ya karɓi filin shi ke naɗa shi. Sashe na 47 kuma ya ce ba kotun da za ta binciki yawan diyya ko isarta. Da Barista ya karanto wannan sai jikin kowa ya mutu. Ya ce mu dakata. Ko da yake sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulki ya kare dokar filin daga gyaran ganganci, Kotun Ƙoli ta ce tun 1984, a shari'ar Nkwocha, dokar ba ta zama ɓangaren kundin ba. A 1986 kuma, a shari'ar Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna, wato tamu ta gida, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wancan hanin bai da ƙarfi tunda ya ci karo da 'yancin zuwa kotu da kundin ya bayar. Ƙofar Babbar Kotun Jiha a buɗe take, kuma wanda zai shiga ya yi sauri, don ƙarar jami'an gwamnati tana da wa'adi.

Baffa ya saurara har ƙarshe, ya tambayi shekara nawa za a yi. Barista ya ce ba zai yi masa alkawari ba, in aka ɗaukaka ƙara ana iya daɗewa. Baffa ya ce, "Ina da saba'in da huɗu. Faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. A karɓo abin da ya samu." Muka rubuta ƙorafi ga kwamiti don ya zauna a fayil, muka tsaya nan.

Kundin ya ce a biya ba jinkiri, amma bai yanka kwanaki ba, bai kuma fito fili ya ce sai an biya kafin a rushe ba. Mu an rushe a wata na tara, kuɗi suka zo a na goma sha huɗu. A tsakanin nan buhun siminti ya tashi, kuɗin da aka lissafa za su gina shago uku suka koma na biyu da ɗan kai. Dokar ta tanadi kuɗin ruwa bisa ƙimar banki idan aka yi jinkirin biyan diyyar gini. Barista ya ce a nema. Baffa ya ce ba za a sa riba a kuɗin gidan ubansa ba. Na so in ce masa wannan cike gurbin asara ne ba riba ba, na ga fuskarsa na yi shiru.

Rabon da ya fi rusau wuya

Ofishin ya ce asusu ɗaya zai biya, da sunan mutum ɗaya, sai an kawo shaidar magada sun yarda. Muka je kotun shari'ar Musulunci aka tabbatar da magada, aka wakilta Baffa. A nan ne abin da ba wanda ya hango ya fito.

Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin na shaguna ne, don su ne bulo da kwano da ƙofofin ƙarfe. Shagunan kuwa Baffa ya gina da kuɗin sallamarsa, kowa ya sani. Amma ƙasar da suke kai, mita biyar a faɗin gidan gaba ɗaya, ta magada ce duka, kuma ita ce mafi tsada a gidan, ita ce kuma gwamnati ba ta biya ko kwabo a kanta ba. Dokar 1978 ta ce ƙasa ba ta da kuɗi. Lissafin gado ya ce ƙasa ita ce gadon.

Gwaggo, wadda tun farkon lamarin ba ta ɗaga murya ba, ita ta faɗa a gaban alƙali. "Yaya, ban ce ba kai ka gina ba. Amma da ba a kan filin Baba ka gina ba, da wa zai ba ka wannan kuɗi? Kai an biya ka bulonka. Mu wa zai biya mu gaban gida?"

Baffa ya daɗe bai ce komai ba. Alƙali ya ce wannan magana ta gida ce, ya ba mu sati biyu mu je mu yi sulhu, in ya gagara mu dawo. Zama uku aka yi a tsakar gida, tunda zauren babu, da liman da mai unguwa. Aka tsaya a kan cewa kuɗin zaure da rijiya da katanga da mangwaro a raba su bisa gado. Kuɗin shaguna na Baffa ne, amma tunda shi ya ci moriyar gaban gidan shekara da shekaru yana karɓar haya, zai sake gina katanga da ƙofa daga aljihunsa, kuma shago ɗaya daga cikin biyun da za a tayar a sabon bakin titi hayarsa ta Gwaggo ce da mu. Aka rubuta, kowa ya sa hannu, aka kai kotu ta buga hatimi. A wannan zaman ne kuma aka yarda a raba gadon gidan gaba ɗaya a yi masa takarda, abin da aka shekara ashirin ana ɗagawa.

Titin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ruwan da kan shigo mana kowace damina yanzu lambatu ke ɗauke shi, ɗan sahu na kai mutum Kofar Doka kafin ya gama gaisawa da direba. Telan ya koma wani lungu a Tudun Wada, ya ce ciniki sai a hankali. Direban tanka ya sayar da guntun filinsa ga mai wankin mota. Inda zauren yake yanzu ƙofar ƙarfe ce baƙa, tana buɗewa kai tsaye kan kwalbati. Baffa ya sa an yi masa benci, da la'asar yakan fito da shi ya ajiye a jikin sabuwar katanga, baƙi su tsaya a tsaye su gaishe shi, don benci ba ya ɗaukar fiye da mutum uku. Azarorin zauren da muka tsamo kafin katafila ta iso suna jingine a bayan ɗakin Gwaggo, ta hana a yi girki da su.